Tsohuwar da Ta Ƙi Ɗaga Kai

Ranaku da yawa na aikin nan sun bi ruwa, ko da bulala aka tsare ni ba zan iya tuno su ba. Amma ban taɓa mantawa da ranar da na fara ganin fuskar Inna Hajara a allon kwamfutata ba, ko kuwa in ce rabin fuskarta, don sauran rabin mayafi ya rufe. Ku sababbin da aka turo mini sashen nan, na ga kuna ta ɗokin aiki, kowa na ganin gobe zai cafke ɓarawon gwamnati da hannunsa a buga hotonsa a jarida. Ni ma da wannan ɗokin na zo. Ku jawo kujeru in ba ku labari, wataƙila ya ɗan lafa muku.

Bari in fara da bayanin aikin, saboda wanda zai ji labarin nan daga waje. Kamfaninmu na saka jari ne ta waya. Mutum yana kwance a ɗakinsa zai buɗe asusu a manhajarmu, ya zuba kuɗi, ya sayi hannun jari, ya sayar, ya kwashe abinsa, ba mu gan shi ba bai gan mu ba. Sashenmu shi ne na sa ido. Na'ura ce ke fara tace asusun mutane, in ta ga motsin da bai kwanta mata ba sai ta turo mana. Ƙaramin jami'i ya duba, ya miƙa wa babban jami'i, shi kuma ya kai wa shugaban sashe. In zargi ya yi ƙarfi, shugaban sashe ya aika rahoto ga hukuma. A lokacin ni ce babbar jami'a, shugabanmu kuwa Oga Femi ne, Bayerabe da ya tsinci 'yar Hausarsa a Kaduna, mutum mai gaskiya amma marar haƙurin dogon zance.

Wata Litinin ce da damina, na taso daga Kubwa ruwa ya tsare mu a hanya, na iso ofis a makare da ciwon kai. Ina buɗe kwamfuta na tarar an miƙo mini asusun wata mata, Hajara, mazauniyar Tungan Maje, shekarunta sun haura sittin. A wurin sana'a an rubuta dillancin hatsi. To, dillalan hatsi na gani da yawa, amma ban taɓa ganin wanda kuɗi ke shigo masa irin haka ba. Sai su faɗo daga kamfanoni daban-daban waɗanda ba su da aikin komai sai suna. Da sun shigo a sayi hannun jari, kafin mako ya zagayo a sayar, ko da faɗuwa aka yi ba a damu ba, sannan a tura abin da ya fito wasu asusun a wasu bankuna.

Ɗan kasuwan gaske ba ya murna da faɗuwa. Wanda ya sayi kaya yau ya karyar da su jibi bai ko yi tsaki ba, ba riba yake nema ba, takarda yake nema. Kuɗin sun shigo da ƙazanta, wataƙila na kwangilar da ba a yi ba ne, ko na asibitin da aka gina a baki. In sun bi ta cikinmu sun fita, sai su fita da shaidar cewa kuɗin hannun jari ne. Duk wanda ya tambaya a nuna masa takardarmu mai tambari. Abin da ake kira halatta kuɗin haram ke nan, mu kuma an mayar da mu bahon wanki.

Wannan duk na saba gani. Abin da ya tsayar da ni shi ne hotunan tantance fuska. Ƙa'idarmu ce duk lokacin da za a fitar da kuɗi masu nauyi, sai mai asusun ya tsaya gaban waya, ya kalle ta, ya ƙifta ido, ya juya kai dama da hagu, don a tabbatar shi ne da ransa. Yawancin mutane sau ɗaya suke yi ta wuce. Ita wannan baiwar Allah kullum sai an yi ta fama. Tana zaune a kan tabarma, bayanta wata babbar randa irin wadda ake ginawa a Ushafa, ta ja mayafi ta rufe baki, idonta a ƙasa. Na'ura ta ƙi. A sake. Ta ɗago kaɗan, da sun haɗa ido da mai riƙe da wayar sai ta kawar da kai gefe. Na'ura ta sake ƙi. Sai ka ji muryar namiji a tausashe yana cewa, "Inna, a ɗan daure a ɗago kai. Inna, a ɗan sassauta mayafin." Fuskarsa kuwa ko sau ɗaya ba ta fito ba.

Na kira Oga Femi ya zo ya tsaya a kaina muka kalla tare.

Ya ce, "Madam Binta, abu biyu ne. Ko an sa wa wannan mama bindiga, ko kuma ya san abin da yana yi, yana ɓoye fuska."

Na ce, "Oga, ba ko ɗaya. Kunya take ji. Wanda ke riƙe da wayar nan surukinta ne."

Ya dube ni kamar na ce na yi duba. Ni kuwa ba duba na yi ba, a gidanmu na gani. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, na yi shekara da shekaru da aure, na haifi 'ya'ya har sun shiga sakandare, amma in ta ji sallamar maigidana sai ta bar tsintsiya a tsakar gida ta faɗa ɗaki. Ta bayan labule suke gaisawa. Har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Tsoro daban, kunya daban. Mai tsoro idonsa yawo yake yi yana neman ƙofa. Wannan tsohuwa kuwa har ɗan murmushi take yi a ƙarƙashin mayafin.

Oga Femi ya ce, "To, na ji. Amma doka ba ta san suruki ba. Suna nata, fuska nata, layin waya nata, lambar banki nata. Rahoto zai tafi yau."

Gaskiyarsa ce, kuma ranar rahoton ya tafi. Na roƙe shi abu guda, ya bar ni in je tabbatar da adireshi, wanda dama yana cikin abin da ƙa'ida ta yarda mu yi wa kowane mai asusu. Ya amince, amma ya ɗaga mini yatsa. Kun san dokar, in ba ku sani ba ku riƙe ta daga yau: da zarar an kai rahoton mutum, haramun ne a gare ka ka sanar da shi, ko da hannunka mai sanda ne. Ka yi haka, aikinka ya tafi, kuma kai ma kotu za ka gani. Dalilin dokar mai kyau ne, don kada ɓarawo ya ji ƙishin-ƙishin ya kwashe ya gudu. Sai dai wanda ya rubuta ta bai taɓa zama a kan tabarmar Inna Hajara ba.

Laraba muka tafi da direban ofis. Muka wuce Zuba, muka sauka daga kwalta, muka shiga lungun da mota ta ƙi shiga saboda taɓo, na ƙarasa da ƙafa ina riƙe da takalmi ɗaya da ya tsinke. Gidan dillaliyar hatsin da kuɗi ke ambaliya a asusunta ɗaki biyu ne da rumfar langa-langa. Na same ta gaban murhu tana tuyar ƙuli-ƙuli, ga kwalaben man gyaɗa a jere. Ga randar nan a inda na saba ganin ta.

Ta karɓe ni hannu bibbiyu. Mutuniyar ƙasar Katsina ce, mijinta ya yi ta sayar da hatsi a kasuwar Zuba har ya rasu, ita kuma ta zauna saboda 'yarta tilo tana aure a cikin gari. Na ce mata daga kamfanin da take da asusu nake, mun zo ganin gida ne kamar yadda muke yi. Fuskarta ta washe.

Ta ce, "Allah sarki, 'yar nan, har da wahalar zuwa? Ai maigidan yarinyar nan ne ya buɗe mini. Ya ce tsufa ya zo, gara a riƙa ajiye mini ɗan wani abu yana haihuwa, in Allah ya yarda in je Umara."

"Yarinyar nan" ita ce Sa'adatu, 'yar farinta. Ita ma ba ta faɗin sunanta.

Na ce, "Inna, kin san abin da ke shiga da abin da ke fita?"

Ta ce, "Ina zan sani? Shi dai in ya zo gaishe ni sai ya ce a yi hoton nan. Ni wallahi hoton ne ba na so, a ce in tsaya ina zare masa ido. Amma mutum yana yi maka alheri, ka tsaya tambayarsa? Dubi kwanon rufin nan, shi ya canja mini bara. Azumi bai taɓa kamawa ba sai ga shinkafa da sukari."

Na ce, "Yaya sunansa, Inna?"

Ta sa gefen mayafi ta rufe baki tana dariya. "Kai, 'yar nan! Ke ba Bahaushiya ba ce?"

Na yi dariyar ni ma. Ina zaune ina shan ruwan randarta, na san takardar da ke ɗauke da sunanta ta riga ta isa inda ba a dawowa da ita. A tarbiyyar da aka yi mini, in ka ga makaho ya nufi rijiya ka yi magana, ko ba ka san shi ba. A aikin da ke ciyar da 'ya'yana, in na yi magana na karya doka. Abin da na iya kawai shi ne na ce mata, kamar yadda muke gaya wa kowa, kada ta yarda a yi amfani da asusunta a abin da ba ta sani ba. Ta ce, "To, to," irin to ɗin da ake ce wa yaro.

Da zan tafi ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda. Ƙa'idar ofis ta hana karɓar kyauta daga mai asusu, ƙa'idar gida kuma ta hana mayar da hannun tsohuwa. Na karɓa. Da na koma na sanar da ofis a rubuce cewa an ba ni ƙuli-ƙuli, Oga Femi ya sa hannu, sannan ya cinye fiye da rabi.

Ba a jima ba umarni ya zo daga hukuma a ɗaure asusun, wato ba shiga ba fita. Washegari sai ga wani mutum a ofishinmu, ya sha shadda tana ɗaukar ido, ƙamshin turarensa ya riga shi hawa bene. Ya ce shi ɗan Hajiya Hajara ne, me ya sa asusun mahaifiyarsa ya ƙi motsi? Yana buɗe baki na gane muryar. Ita ce mai cewa a ɗan daure a ɗago kai. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta ba shi amsar da aka koya mata, cewa ba ma tattauna asusu sai da mai shi. Ta miƙa masa rajistar baƙi don ya rubuta sunansa, sai ya ce bari ya ɗauko katinsa a mota. Bai dawo ba. Kada ku tambaye ni me ya sa ba mu riƙe shi ba. Mu ba 'yan sanda ba ne, maigadinmu ko sanda ba shi da ita.

Bayan kamar mako biyu hukumar bincike ta gayyaci Inna Hajara. Ni ma aka kira ni in kai bayanan asusun in kuma yi bayanin yadda manhajarmu ke aiki. Da na isa na gan ta a kan benci a baranda, ta ƙanƙame jakar leda, kusa da ita wata matashiya da goyo idanunta sun kumbura. Ita ce Sa'adatu. Inna ta gane ni, har ta yi yunƙurin tashi don murna, tana ganin ta ga nata. Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba.

Jami'in da ke riƙe da binciken ba mugu ba ne, gajiyayye ne kamar ni, fayiloli sun kusa binne teburinsa. Hausarsa ta kasuwa ce, sai ya roƙe ni in taya shi tafinta. Kafin a shigo da ita ya faɗa mini matsalarsa a fili. Komai da sunan tsohuwar yake. Kamfanonin da ke turo kuɗin na bogi ne, asusun da ake turawa su ma da sunayen wasu bayin Allah aka buɗe su. Mutumin bai bar sawunsa ko'ina ba sai murya, murya kuwa ba ta isa a gurfanar da mutum ba. Abin da yake buƙata shi ne mai asusun ta faɗa da bakinta, a rubuta, ta dangwala, cewa wane ɗan wane shi ke juya asusun. In ba haka ba, ita ce mai kaya, ita za a kai gaban alƙali.

Aka shigo da ita ita kaɗai. Aka karanta mata abin da ya bi ta asusunta. Ba ta ma gane yawan kuɗin ba, sai da na kwatanta mata da cewa zai sayi duk layinsu da gidajen da ke ciki. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta sake faɗa, ta sake faɗa.

Jami'in ya ce, "Mama, wanene yana riƙe waya?"

Ta ce, "Maigidan yarinyar nan."

"Wane yarinya? Mene ne sunan shi?"

Ta ja mayafi.

Ya juyo gare ni ya ce in gaya mata ba wasa ake yi ba. Na matsa kusa da ita na ce, "Inna, ki dubi girman Allah. Yau ba ranar kunya ba ce. In ba ki faɗa ba, ke za a ɗora wa kayan nan, kuma kurkuku ake magana."

Ta ce a hankali, "'Yar nan, na ji ki. To in faɗa a kama shi, in ce da jikokina me? A ce kakarsu ce ta kai ubansu gidan yari da bakinta? A ce ni na kashe wa 'yata aure? Ni na ci zamanina. In ɗaurin ne, a ɗaure ni."

A nan na gane abin ya wuce kunyar suna, ya zama kara. Na fassara wa jami'in. Ya jefar da biro ya ce shi ya gaji da tsofaffin da ke rufa wa ɓarayi asiri, wa ya sani ma ko da ita ake rabawa. Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsa sosai ba. A takarda, mai kara da mai haɗin baki kamarsu ɗaya. Aka kira azahar, na roƙa a ba mu hutun salla.

A wurin alwalar mata na sami Sa'adatu tana jijjiga goyonta. Ban da ikon gaya mata abin da ke cikin fayil, ban kuma gaya mata ba. Ita ce ta tare ni.

Ta ce, "Anti, me Inna ta ce musu?"

Na ce, "Abin da kika san za ta ce."

Ta fashe da kuka. Ta ce rabonta da ganin mijinta tun ranar da ya dawo daga ofishinmu. Ya haɗa jaka ya ce tafiyar kasuwanci ta taso. Wayoyinsa duk a kashe. Sai daren jiya ya kira ta da wata baƙuwar lamba. Ta ɗauka zai tambayi yara, ko ya tambayi halin da Inna ke ciki.

Ta ce, "Anti, kin san abin da ya ce mini? Wai in kwantar da hankalina. Wai Inna ba za ta taɓa faɗin sunansa ba ko za a yanka ta, shi ya sa ma ya sa sunanta bai sa nawa ba. Wai tsohuwa ce, ba za su riƙe ta da yawa ba."

Na daɗe a aikin nan, na ga ɓarayi iri-iri. Na ga mai satar katin matacce, na ga mai buɗe asusu da sunan direbansa. Amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Wannan mutum ya zauna ya dubi duk abin da ke gidan surukarsa, bai ga abin ɗauka ba sai kunyar da take ji masa. Ya san ba za ta tambaye shi ba, ya san ba za ta kalle shi ba, ya san ba za ta ambace shi ba. Da wannan ya yi jari.

Ban ce wa Sa'adatu ta yi ko kada ta yi ba. Na dai ce mata jami'in yana karɓar bayanin duk wanda ya san wani abu. Ta yi salla, ta gyara goyonta, ta bi ni.

A gaban mahaifiyarta ta tsaya ta faɗi sunansa cikakke, Mansur, da sunan ubansa, da unguwar da ofishinsa yake, da wanda yake yi wa yaron kwangila a wata ma'aikata. Ta ce ta sha raka shi Tungan Maje, tana tsakar gida ake hoton. Inna tana ta cewa, "Ke, ke, rufa mana asiri," har Sa'adatu ta juyo ta maimaita mata maganar da ya yi a waya, kalma bayan kalma. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Da aka karanta mata bayanin 'yarta aka tambaye ta ko haka ne, ta gyaɗa kai, ta dangwala.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya warware, irin na fim. Ba a gurfanar da ita ba, alhamdu lillahi, amma an yi watanni ana kiran ta. Ta taso daga Tungan Maje da sassafe, mota biyu ko uku, ta wuni a kan bencin nan, a ce mata jami'in ya fita aiki ta dawo wani makon. Ɗan asusun bankinta na gaske, inda take tara cinikin man gyaɗa, shi ma an ɗaure shi na tsawon lokaci tunda lambar bankin ɗaya ce. A unguwa kuwa magana ta bazu cewa tsohuwar nan da kuke gani da kuɗin gwamnati aka kama ta. Masu saye suka ja baya, wasu kuma suka riƙa zuwa rance, wai ai ta ɓoye wani abu a ƙarƙashin gado. Sa'adatu ta kwaso yaranta ta dawo ɗaki biyun nan, daga baya alƙali ya raba auren. Mansur, iyakar sanina, har yau ba a gan shi ba. Maigidan nasa kuwa, wanda kuɗin suka fito daga hannunsa, na gan shi kwanan baya a wurin wani ɗaurin aure, ana ta rububin gaishe shi.

Bayan an kammala da abin da ya rage a asusun bisa umarnin kotu, sai ya zama dole a rufe shi, rufewa kuma sai mai shi ya tantance fuska a karo na ƙarshe. Na ce zan je in same ta a gida, ta aiko cewa za ta zo da ƙafarta. Rani ya riga ya shigo. Ta hawo benenmu tana hutawa a kowane hawa, ta rame, mayafin nan dai shi ne. Muka gaisa, na tambayi yara, ta ce suna nan lafiya. Ba ta yi mini ƙorafin komai ba, ba ta ce don me ban gaya mata ba ranar da na sha ruwan randarta. Da ta tambaya ma da ya fi mini sauƙi.

Na kawo kujera na zaunar da ita. Na ware lokaci mai yawa don na san yadda ake fama da ita. Ranar wani abokin aikinmu namiji ne ke riƙe da wayar tantancewa, na ce ya ba ni in riƙe mata, ko ta fi sakewa.

Ta ce, "Bar shi ya riƙe."

Ta sa hannu ta zame mayafin daga fuskarta har goshi ya fito. Ta ɗago kai ta zuba wa wayar ido, ko gezau. Aka ce ta ƙifta, ta ƙifta. Dama, hagu. Koren haske ya kama a karon farko.

Don in sassauta wurin na ce, "Inna, yau kam kin ƙware."

Ta ce, "Ba ƙwarewa ba ce, 'yar nan. Da ina sunkuyar da kai ne don ina da suruki. Mansur ya tafi da wannan ma."

Ranar na fara jin sunan a bakinta. Ta faɗe shi kamar yadda ake faɗin sunan mai gyaran takalmi. Ta mayar da mayafinta, ta yi mana sallama, ta sauka.

To, abin da zan bar muku ke nan. Za a koya muku alamomin zargi, ku haddace su, suna da amfani. Za a ce muku sunan da ke kan asusu shi ne mai asusu, a takarda haka ne. Amma a garin nan mai kuɗin haram ba ya sa sunansa. Sunan wanda ya yarda da shi yake sawa: uwarsa, maigadinsa, limamin unguwarsu, duk wanda zai ji nauyin ce masa don me. Saboda haka in fuska ta fito muku a allo, kada ku tsaya a kanta, ku tambayi kanku wa ke riƙe da wayar. Ku yi rahotonku yadda doka ta ce, ku kama bakinku yadda doka ta ce, amma ku rubuta duk abin da idonku ya gani, don wata rana shi ne kawai zai tsaya wa marar laifi. Kuma kada ku sa rai za ku koma gida da farin ciki don kun yi daidai.

A fayil ɗin Inna Hajara an rubuta cewa tantancewar ƙarshe ta yi nasara ba tare da matsala ba. Ni na rubuta, da hannuna. Amma Allah ya sani, ina tsaye a wurin ina fatan na'urar ta ƙi ta, ko sau ɗaya ne.